Yadda Muka Je Birni Neman Abin da Gara Ta Cinye

Tun ranar da muka dawo daga birni ban huta ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na shiga kasuwar Rano a ja mini hannun riga: "Malam Isyaku, wai da gaske ne akwai ɗaki cike da littattafai har rufi?" "Wai da gaske ne korar ku aka yi?" To, ba a kore mu ba, saura ƙiris dai. Na gaji da maimaitawa, ga shi kowa ya ɗauki labarin sai ya ƙara masa gishiri, har na ji wani mutumin Fassi yana rantsuwa wai Nasara ya ɗaure Garba kwana uku. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a sakar mini riga.

Asalin tafiyar nan malamina ne, Malam Babba na Kibiya. Yana da wani littafin fiƙihu, rubutun hannun mahaifinsa. Wata damina gara ta shiga gafakar da yake ciki ta cinye warƙa ashirin daga ƙarshe, babin rabon gado ke nan ɗungurungum. Shekara tara ke nan da yin haka. Duk ɗaliban da suka biyo littafin, da sun iso wurin sai Malam ya rufe. Mun sha roƙonsa ya ba mu da ka, don mun san ya sani, sai ya ce, "A'a. Haƙƙin marayu ne, ba na faɗinsa da ka." An nemi irinsa a Rano, an nema a Bunkure, ba a dace ba.

Bana kuma yanar ido ta soma rufe masa gani. Ranar da na je gaishe shi sai da na yi magana ya gane ni. Ya zaro warƙar ƙarshe da ta tsira, ya kai ta dab da hancinsa. Kun dai san yadda littafinmu yake, warƙa-warƙa ne ba ɗinki, a gindin kowace warƙa kuma marubuci yakan rataya kalmar farko ta mai bi mata, don kada a rikita jeri. To, kalmar nan tana nan a rataye a gindin warƙar, ba abin da ke binta. Malam ya ɗora yatsa a kanta ya ce, "Isyaku, ina so in ga abin da ke bayan wannan da idona, kafin su tafi." Wallahi sai na ji ƙwalla ta cika mini ido.

Ana nan sai wani abokin karatuna da ke aikin malanta a birni ya aiko mini cewa a babbar makarantar nan da ake koyar da alƙalai akwai ɗakin littattafai, kuma littafin yana ciki, bugun Masar. Ya samo mini takardar izinin shiga ta kwana biyu rak, Laraba da Alhamis.

Na zaɓi uku cikin manyan ɗaliban zaurena. Garba, hannunsa ya fi na kowa kyau da sauri, amma kansa ma haka yake, ba ya jira a gama magana. Habu, mai haƙuri da rubutu, marar haƙuri da yunwa. Sai Sule, ɗan gidan dukawa, wanda zai wuni bai ce uffan ba, basillarsa kullum tana soke a hula.

Mako biyu na yi ina shirya su, kuma ni a ganina ban bar komai ba. Muka fiƙe alƙaluma har damƙi guda. Muka dafa tawada mai kyau, ta sha ƙaro, muka cika kurtu huɗu. Na samo takarda mai kyau, mai tambarin wata uku. Na koya musu gaisuwa: a tuɓe takalmi tun daga nesa, a durƙusa, kada a kalli mai littafi ido cikin ido. Na sayi zabi biyu masu ƙiba, don ba a zuwa aron littafi hannu rabbana. Babban abin da na nace a kansa kuwa shi ne rabon warƙa. Kullum da hantsi sai in ɗauko wani littafi in ce, "To, ga shi an miƙo mana. Me za mu fara?" Su amsa baki ɗaya, "Rabawa!" Kowa ya ja warƙa biyar, ya duƙufa. Har suka kai in na yi tari kawai sun raba. Na ce a raina, warƙa ashirin, mutum huɗu, ai kafin azahar ta ranar farko mun gama, ranar Alhamis sai yawon ganin gari.

Muka tashi Litinin da sassafe, ƙarshen damina, da jaki ɗaya da na aro wurin surukina. Jakin nan kuwa Allah ya yi shi da ra'ayi. In ya ga gonar gyaɗa sai ya tsaya kamar tasa ce. Zabin suna rataye a gefensa suna ta zagin duk wanda ya wuce. Kafin mu kai Bunkure Habu ya cinye guzurin kwana biyu, ƙuli-ƙuli da dambu duka, ya ce wai yana rage wa jaki kaya ne. A Bunkure muka kwana a zauren wani liman mai kirki, ya sa aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka, ya tambayi inda za mu. Da na gaya masa sai ya girgiza kai ya ce, "Littafin da Nasara ya tsare? Ku dai yi alwala biyu."

Washegari muka iso kogi, ruwa bai gama janyewa ba. Masu fito suka zuba kayanmu cikin wani ƙaton masaki, mu kuma muka rungumi gora. Jaki ya ce shi fa a nan iyakarsa. Aka ja, aka tura, wani ɗan fito ya murɗe masa wutsiya, sai ya zabura ya faɗa ruwa ya yi gaba da Habu, wanda ya naɗe igiyar a hannu. Ni ban ga komai a tsakiyar kogin nan ba sai kurtun tawada, ina ta ihu, "Tawadar! Ku kula da tawadar!" Mai fiton da ke tura ni ya ce, "Malam, ɗalibinka na shan ruwa, kai kana ta tawada?" Na ce Habu ya sha abin da ya fi wannan.

A ƙofar birni muka tarar da abin da ban shirya masa ba: masu lamba. Wasu mutum biyu sanye da kaki sun kafa tebur, duk baƙon da zai shiga sai ya naɗe hannun riga an duba ko an taɓa tsaga masa ta agana. Ni da Garba da Sule muna da ita. Habu ba shi da ita. Ƙaton nan da ya ja da kogi, da ya ga ɗan ƙarfen tsagar sai ya ɓuya bayan jaki, ya ce shi a nan zai jira mu har Juma'a. Wata tsohuwa mai tallan nono ta dube shi ta ce, "Haba ɗan nan, jikata ma da ke goye an yi mata ba ta yi wannan raki ba." Kunya ta sa ya miƙa hannu, ya rufe ido yana salati kamar za a yanka shi.

Muka sauka a gidan Maigida Tanko, mutumin Rano ne da ke fataucin barkono, duk ɗan garinmu da ya shiga birni a zaurensa yake ajiye buzu. Ya sa aka kawo mana gurasa an barbaɗe ta da ƙuli da mai da albasa. Kai, jama'a, mutanen birni suna cin daɗi a ɓoye! Amma kuma ba su da lokacin gaisuwa. A Rano in ka tambayi mutum hanya sai ya tambayi gidanku da shukarku, ya raka ka. A can na yi wa wani sallama, ban kai ga "ina gajiya" ba ya nuna mini lungu da leɓe ya wuce.

Laraba da hantsi muka isa makarantar. Tun daga bakin ƙofa muka tuɓe takalma muka rataya a wuya, masinja yana kallonmu yana danne dariya. Ya kai mu wurin mai kula da ɗakin, Malam Nuhu, wani siririn dattijo mai tabarau, makullai a ɗaure a ƙugunsa. Muka zube muka kwashi gaisuwa. Na miƙa takarda, Sule ya miƙa zabi.

"Wannan fa?" in ji shi.

"Gaisuwa ce, Allah gafarta Malam."

"Subhanallahi. Malam, nan ba a karɓar komai. Ku fitar da su, don Allah, kafin Baturen makarantar ya ji."

Aka ɗaure su a gindin wata bishiya a tsakar gida, inda suka wuni suna sanar da duk makarantar cewa mutanen Rano sun iso.

Sai ya ga kurtu. "Tawada ba ta shiga." Na ce, "Malam, da me za mu rubuta?" Ya ba mu fensir huɗu. Tawadar da na kusa sayar da Habu saboda ita, ga ta can a bakin ƙofa kusa da takalma.

Ɗakin kuwa, gaskiya ne abin da kuka ji. Littattafai ne a tsaye a jere bisa katako, bango huɗu, har inda hannu ba ya kaiwa. Wasu samari suna zaune bisa kujeru, kowa da littafi a buɗe, amma ba ka jin ko tari. Na ɗauka duk barci suke. Ashe haka suke karatu, da ido kawai, baki a rufe. Habu ya hango wani rubutu a bango, ya buɗe murya ya soma rera shi yadda muka saba. Duk ɗakin ya waiwayo. Malam Nuhu ya ɗora yatsa a leɓe. Ni dai har yau ban gane yadda karatu ke shiga mutum bai bi ta kunne ba.

Aka kawo littafin aka ajiye a gabanmu. Na yi bisimilla, na buɗe, na yi ta juyawa har na sami babin, na sami kalmar nan da Malam ya ɗora wa yatsa. Na yi ɗan tari don murna. Hannu uku suka miƙo a tare.

Warƙa ta ƙi fita. Na ja a hankali, ta ƙi. Na leƙa tsakiya sai ga zare. An ɗinke littafin tun daga farko har ƙarshe, an manne shi da bango. Duk shirin da na yi na mako biyu, ban taɓa kawo wa raina cewa akwai mai hankalin da zai ɗinke littafi kamar riga ba.

Ba yadda za mu yi, Garba ya zauna yana kwafa shi kaɗai, mu uku muna tsaye a kansa. Baƙaƙen ƙanana ƙwarai, fensir kuma baƙo ne a hannunsa, yana dannawa yana karyewa. Muka gwada mutum biyu, ɗaya a shafin dama ɗaya a na hagu, suka yi ta karo da kai. Na ce in karanta a hankali su rubuta, aka ɗora mini yatsa a leɓe. Da ƙararrawar tashi ta buga, abin da muka samu bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Ranar ko gurasa ban iya ci ba, Habu ya taimake ni da ita.

Alhamis, da aka kawo mana littafin, na ce musu su ci gaba, ni zan je in roƙi Malam Nuhu ya ƙara mana kwana. Na same shi a baranda. Na gaya masa labarin gara, da na idon Malam Babba. Ya saurara sosai, ya ce, "Wallahi na tausaya, amma ba ni na ba da kwanakin ba. Gobe Juma'a a rufe, jibi Bature zai zo duba littattafai, daga nan kuma sai bayan hutu." Bayan hutu wata biyu ke nan. Na san idon Malam ba zai jira wata biyu ba.

Na koma ciki. Samarin nan duk sun tafi aji, ɗakin ba kowa sai ɗalibaina. Na tarar da su ukun a duƙe, kowa da nasa a gabansa, fensir na ta gudu. Garba ya ɗago fuska tana walƙiya, ya raɗa mini, "Malam, an gama matsala. Ashe zare ne kawai. Na kwance." Ga wuƙar fiƙe alƙalami a gefensa. Ga bangon littafi a can, wayam. Har nawa kason ya ware mini, ya ajiye a gaban kujerata, yadda na koya masa.

Sai na ji ƙarar makullai a bayana.

Malam Nuhu ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya zauna a kujera. "Shekarata shida a ɗakin nan, ko kunnen shafi ba a taɓa naɗe mini ba. Jibi me zan ce wa Bature? Kun raba ni da aikina, Malam. Ku tattara ku fita."

Garba ya zube ƙasa, sai a lokacin ya gane. Na so in kwaɗa masa mari, amma da wane hannu? Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, laifin nan nawa ne, ba nasa ba. Mako biyu ina koya musu cewa in an miƙo littafi a raba. Mu a wurinmu haka ake girmama shi, kowa ya samu. Ba mu taɓa ganin ɗinkakke ba."

Sai ga muryar da ban ji ba tun Bunkure. Sule ya ɗauki bangon, ya juya shi, ya ɗaga ɗaya daga ƙunshin warƙoƙin ya hango haske ta ramukan allura. Ya ce, "Bai yaga ba. Zaren kawai ya yanka. Ramukan suna nan. In da zare mai ƙarfi da ɗan ƙaro, zan mayar." Ya zaro basilla daga hula.

"Kai baduku ne?"

"Ɗan dukawa ne, Allah gafarta Malam. Amma wannan ta yi kauri, sai an ba ni allura."

Malam Nuhu ya duba ramukan allurar da kansa. Ya tashi, ya buɗe wata akwati, ya kawo zare da allura da ɗan kwalban abin manni. Sule ya jera ƙunshin a kan tebur, ya ɗauki na farko, ya soma. Dattijon ya tsaya a kansa har ya ga ɗinki uku sun zauna daram. Sai ya yi ajiyar zuciya. Ya dubi takardunmu, ya dubi ni.

"A zauren wa ka yi karatu?" Na gaya masa. Ya ce, "Ni ma a zaure na yi, a garinmu. Ni ne mai bin gida-gida ina tattaro warƙoƙin malaminmu in an gama kwafa." Ya juya ga Sule. "Kai, ɗinkin nan daga gaba ake farawa, ko?"

"Daga gaba."

"Babin gado kuma a ƙarshe yake. Yaushe za ka isa can?"

Sule ya ce, "In na yi sauri, kafin azahar."

"Wa ya ce ka yi sauri? Littafin hukuma ne, a yi shi a tsanake." Ya ɗauki makullansa. "Ni zan zauna a baranda, kada wani ya shigo ya dame shi. Abin da ke kan tebur bai shiga ɗinki ba tukuna, ban san inda yake kwana ba."

Jama'a, ban taɓa rubutu irin na ranar ba. Ni da Garba da Habu, kowa da kasonsa, fensir na karyewa muna fiƙewa da wuƙar da ta jawo mana. Habu, da hannun lambarsa a kumbure, bai ko ambaci abinci ba. Sule kuwa yana jan zare a hankali kamar mai jin barci, yana satar kallonmu, in ya ga mun kusa gama ƙunshi sai ya miƙo hannu. Muka fita bi da bi muka yi azahar. Ana kiran la'asar Garba ya ɗiga aya ta ƙarshe, Sule ya karɓe ƙunshin ya ɗinke, ya manne bango. Malam Nuhu ya shigo, ya buɗe littafin, ya rufe, ya kama shi ta bango ya girgiza. Ko motsi. Ya ce, "Ya fi yadda ya zo." Sannan ya nuna Garba da makulli: "Kai kuma, in ka sake zuwa, a bakin ƙofa za ka bar wuƙar nan tare da tawada."

Da yamma na tambayi gidansa na kai masa zabin. A can bai ce ba a karɓa ba.

Dawowa ba wani labari, sai dai jaki ya shiga kogi da kansa don ya san gida za shi. A Rano muka yi kwana uku muna mayar da rubutun fensir cikin tawada, don Malam ba zai ga wannan toka-tokan ba. Na sa Garba ya yi baƙaƙe manya-manya, layi bakwai a shafi, muka bi muka gwada da na fensir har sau biyu. Tawadarmu dai ta yi ranarta.

Muka isa Kibiya da hantsi, rana ta fito sosai. Kafin mu sauke kaya labari ya zaga, zaure ya cika, har da waɗanda suka tsaya a wurin nan tun shekara tara, wasu gemunsu ya soma fari. Malam ya sa aka jawo masa buzu bakin ƙofa inda haske yake. Ya zaro tsohuwar warƙar, ya lalubi gindinta da yatsa. Na miƙa masa sabuwar. Ya kai ta dab da fuska, ya karkata ta wajen rana, ya daɗe. Na ce a raina ko mun makara.

Sai ya karanta kalmar. Ya karanta ta bayanta. Ya bi layin farko da yatsa har ƙarshensa, a hankali, da idonsa. A layi na biyu ruwa ya cika idon, ya goge da hannun riga, ya sake gwadawa, ya ajiye.

"Alhamdu lillahi, na gani," in ji shi. "Wane ne ya yanke zaren mutane?"

Garba ya rarrafo. "Ni ne, Allah gafarta Malam."

"Kada ka ƙara."

"Ba zan ƙara ba."

"To, matso kusa, kai za ka ja mini baƙi." Ya miƙa masa warƙar, ya gyara zama, ya fuskanci zauren da ba ya iya gani sosai. "Ina muka tsaya?"

Wani mai furfura daga baya ya ce, "A babin gado, Allah gafarta Malam."

Malam ya ce, "To, bisimilla."